Falmaran ɗin da ke sauraren zuciya daga waje

(An rubuto wannan ne daga muryar laccar da aka ɗauka a waya)

Assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? To madalla. Yau maganarmu kan wata riga ce mai kama da falmaran da ke gano inda lantarkin zuciya ke rikicewa. Kafin mu fara kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa. Wannan bugun da kuke ji lantarki ne ke bada umarninsa, akwai wani ɗan guri a ɗakin sama na dama na zuciya, shi ne makaɗin gayya, yana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti kowa na bin kiɗansa. A ciwon da muke kira AF, wato atrial fibrillation a Turance, makaɗin ya rasa iko, kowane lungu ya ɗauki gangarsa, ɗakunan sama su dinga karkarwa sau 300 har 600 a minti, ba sa matsa jini yadda ya kamata sai jinin ya kwanta ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi yasa mai AF haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wajensa ya ninka na sauran mutane kusan sau 5. Mu nan hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, sai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi magani ba.

To ta ina rikicin ke tashi? A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin da ke kunna AF daga bakin jijiyoyi huɗun nan ne masu dawo da jini daga huhu. Daga nan aka fara zura siririn bututu ta jijiyar matse-matsi har cikin zuciya a ƙona kewayen bakinsu, a yi musu katanga. Ga wanda ciwon ke zuwa ya tafi, aikin na ci sosai. Amma wanda AF ya zauna masa wata da watanni, sau da yawa ka yi katangar nan tsaf ya dawo, wato akwai wasu makaɗan a wani gurin da ba mu gani ba.

Anan falmaran ya shigo. ECG ɗin da kuka sani a asibiti wayoyi 10 ake manna wa mutum, zai ce maka akwai AF amma ba zai ce ga inda yake fitowa ba. Sai Yoram Rudy a Amurka ya kwashe shekaru yana aiki kan wata dabara, a 2004 shi da ɗalibansa suka wallafa gwajinta a jikin mutum. Daga baya kamfanin CardioInsight ya mai da ita riga mai idanu 252 masu ɗaukar lantarkin zuciya gaba da baya, Medtronic ta saye kamfanin a 2015. Za a saka maka rigar, a shigar da kai na'urar hoton cikin jiki ta CT da ita a jikinka don a san siffar zuciyarka da inda kowane ido ya zauna, sai kwamfuta ta haɗa biyun ta zana taswira mai launi na yadda lantarkin ke yawo a ɗakunan sama biyu lokaci guda. Ba allura ba yanka.

Yanzu ga abinda nake so ku tafi da shi, don ɗalibai suna ganin launin nan ja da shuɗi yana juyawa a allo sai su ɗauka hoton zuciyar ne. A'a, lissafi ne. Ku ɗauka ana biki a cikin wani gida kai kuma kana waje, ka jera yara 252 sun kafa kunne a jikin katanga, kowa ya faɗa maka ƙarar da ya ji, daga nan kai za ka ce mai kalangu yana kusa da rijiya mai ganga yana bakin madafi. Tsakanin zuciya da fata akwai huhu da ƙashi da kitse, duk suna dusashe siginar suna cakuɗa ta, kuma lantarkin ɗakunan sama dama can rarrauna ne, na ɗakunan ƙasa ya danne shi sai an tace. Kuskure kaɗan a awo sai ya zama babba a taswira, dole masu lissafi su sa wa amsar linzami su lallashe ta, kuma wannan lallashin kansa yana goge ƙananan bayanai. Bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu ma rigar ba ta ganinsa da kyau tunda yana can ciki.

Duk da haka ta nuna abubuwa. A 2014 mutanen Bordeaux ɗin suka yi amfani da ita kan masu AF da ya zauna, suka ga lantarkin na yin ƴan guguwa, ta juya sau biyu uku ta mutu wata ta tashi, ba a tsaye suke ba amma suna yawan komawa unguwanni ɗaya, kuma da daɗewar ciwon da yawan unguwannin. Sai dai har yanzu ana gardama, wasu na cewa wasu guguwar lissafin ne ya haife su. Sannan babban gwajin STAR AF II na 2015, duk da ba da rigar aka yi shi ba, ya nuna ƙarin ƙone-ƙone bayan katange jijiyoyin huhu bai ƙara wa marasa lafiya komai ba, wannan ya sa kowa ya ja birki. Ni a ganina kayan bincike ce mai kyau ƙwarai, amma ban yarda a ƙona naman zuciyar mutum don taswirar kaɗai ta ce ba.

Wata ƴar'uwa can baya ta turo takarda tana tambaya ko sai da rigar ake gane AF. A'a Hajiya, yatsun nan biyu da kuka ɗora ɗazu sun isa su sa ki zargi, in kika ji bugun na tafiya ba tsari kamar ɗigar ruwa daga indararo, ki je a yi ECG na yau da kullum shi ke tabbatarwa. Kuma mai AF da ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagun zuciyarsa ta tsuke, warfarin ne maganin tsinka jininsa, da awon jini akai-akai, kar a canza masa da sababbin magungunan tsinka jinin nan don an ce sun fi sauƙi. Naga an miƙo wata takardar, bari mu yi sallah mu dawo kanta.