Sharhi: An Biya Kuɗin Dashe, An Yanke Kuɗin Raino

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum.

Duk lokacin da lalitar gwamnati ta yi ƙasa a ƙasar nan, aka ce a tsuke bakin aljihu, akwai sashen da ba a ko tsayawa shawara kafin a sa masa wuƙa, wato sashen kula da gandun daji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bishiya ba ta yajin aiki, ba ta kuma kaɗa ƙuri'a. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda wuƙar take sauka. Ba a taɓa kuɗin bikin dashe. Kuɗin raino ake yankewa.

Kowa ya san yadda bikin yake. Damina ta kankama, a kafa rumfa, a jera kujeru, maroƙa su cika wuri da kirari. Mai girma ya iso, a miƙa masa sabon shebur, ya tura ƙasa sau biyu a rami, ya tsiyaya ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da cewa bana za a dasa miliyan kaza. To, don Allah mai sauraro, ka koma wannan filin a watan Maris. Baƙar leda za ka tarar iska na wasa da ita, da 'yan sanduna busassu a tsaye, da akuya tana ƙarasa abin da ya rage.

Ba laifin akuya ba ne. A ƙuryar arewa, daga Sakkwato zuwa Yobe, ruwan sama kan ɗauke wajen watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Ɗan itacen da aka dasa a Agusta, wanda saiwarsa ba ta kai ko'ina ba, shi zai ratsa hunturu da bazara. Yana bukatar mai ba shi ruwa, da shingen da zai tsare shi daga dabbobi, da maganin gara, da wanda zai share ciyawar da ke kewaye kafin gobarar daji ta tashi. Yana bukatar mai gadi da ake biyansa a ƙarshen wata, da babur mai ɗauke da mai a tanki. Duk waɗannan suna ƙarƙashin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, kuma su ne na farko da ake riƙewa in an ce babu kuɗi. Kawo dashe kwangila ce, akwai mai cin riba, don haka akwai mai bin takardar ofis ofis har ta fito. Ban ruwa a watan Afrilu kuwa ba shi da uban gida. Kamar mutum ne ya yanka babban rago ranar suna, ya tara makaɗa, kashegari ya ce ba shi da kuɗin kunun maijego.

A da ba haka abin yake ba. Dattawa na tuna malamin daji na zamanin En'e, wanda ba ka isa ka sare gawo ko ɗorawa ba tare da izininsa ba. Bayan farin 1973 da na 1984, an dasa layukan itatuwa masu kare iska a Kano da Katsina da Sakkwato da inda yanzu ake kira Jigawa, da tallafin Bankin Duniya da ƙasashen Turai, kuma wasu darbejiyoyin na nan tsaye har gobe. Sun rayu ne domin akwai wuraren rainon dashe, akwai leburori, akwai masu sintiri. Daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 aka fara zamewa. Ma'aikaci ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba. Motar sintiri ta lalace, aka ɗora ta a kan duwatsu. Masu tallafi suka naɗe tabarmarsu, jihohi ba su ɗauki nauyin ba.

Sai mu duba abin da aka girba. Kamuku a Birnin Gwari, Kuyambana a Zamfara, Rugu a Katsina, Falgore a Kano, Sambisa a Borno. Duk dazuzzukan gwamnati ne da aka keɓe, masu iyaka, masu ma'aikata a takarda. Yau da an ambaci yawancinsu, tunanin mutum kan masu ɗauke da bindiga yake tafiya. Ba zan ce rage kuɗin gandun daji shi kaɗai ya haifi 'yan bindiga ba, akwai talauci da zalunci da rikicin gona da kiwo da kwararowar makamai. Amma dajin da gwamnati ta janye idonta daga kansa bai zauna fanko ba, wani ya shiga. Abin da aka ƙi kashewa a albashin mai sintiri, an kashe ninkin ba ninkinsa a jiragen yaƙi, ban da rayukan da ba a iya yi musu kuɗi.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makami. Madalla. Sai dai mai bindiga ba ya rainon dashe, kuma tambayata ɗaya ce: in an kai shekara ta uku, kuɗi ya yi ƙaranci, albashinsu zai tsira daga wuƙar nan?

Na san abin da za a ce. Wai mutane na fama da yunwa, asibiti babu magani, kai kana maganar itace. Wannan magana ta wanda bai taɓa ganin rairayi ya binne gonar gero ba ce. Manomin Yusufari ko Maigatari ya san alaƙar itace da rumbu fiye da duk wani mai lissafin kasafi. Kuma zancen babu kuɗi ma a bar shi. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli, ana ware masa kaso daga asusun tarayya. Ina kuɗin ke tafiya? A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na wannan asusu. Kuɗin akwai, ga raino ne ba ya isa.

Wasu kuma su ce ai ga Nijar can, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ba tare da kwangilar dashe ba. Gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Amma me suka yi? Raino suka yi. Suka daina ƙone kututture lokacin sassabe, suka zaɓi toho mai ƙarfi suka bari, suka sassaƙe sauran, suka tsare shi shekara da shekaru, hukuma kuma ta sakar musu mara a kan itacen da ke gonarsu. Wannan ai hujjata ce, ba ta masu kawo misalin Nijar ba. Sannan manomi gonarsa yake tsarewa. Wa zai tsare Rugu, wadda ba gonar kowa ba ce?

Ga kuma lokacin da aka zaɓa a yi sakaci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta kori gidaje da yawa daga gas da kananzir zuwa itace da gawayi. Ka tsaya a bakin kowace babbar hanya ka ƙirga motocin buhunan gawayi da ke shiga birni. Ba na zargin uwargidan da ke neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Amma a daidai lokacin da gatari ya ƙaru a daji, a lokacin ne mai tsaron dajin ke zaune a ofis babu man babur. Wane irin lissafi ne wannan, jama'a?

Shirin Babbar Katangar Itatuwa, na dasa itatuwa domin tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafi jihohi 11 na arewacin Najeriya, har an kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Kowace shekara muna jin adadin abin da aka dasa. Adadin abin da ya rayu muke son ji. 'Yan majalisun jihohi, in kwamishinan muhalli ya zo kare kasafinsa, ku tambaye shi nawa ne suka kai damina ta biyu a cikin dashen bara, kuma nawa ya ware domin ruwa da shinge da albashin masu gadi. Ɗan kwangila kada a biya shi cikon kuɗinsa sai an je an ƙirga a watan Afrilu, a gaban mai unguwa da mutanen gari. In kuma lallai sai an rage wani abu bana, to a fara da rumfa da kujeru da ayarin motoci.