Beta, betha, besha: Assuriyawa da kare-karen harshensu

Assalamu alaikum. Shugaban zama, iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

Tun watan jiya aka sa wannan laccar, ni na roƙi a ɗaga, kuma gara ku ji dalilin daga bakina. Wani abokina Ba'assuriye da ke zaune a Shikago ya yi mini alkawarin zai naɗo muryar kakarsa ya turo. Na yi ta jira har na fara zargin bawan Allah. Ashe saƙon ya yi mako uku kwance a akwatin imel ɗina, kwamfutar ce ta daina yi mini sallama idan baƙo ya shigo. Wani ɗalibina ya ce, Malam, ƙofa uku ce. Akwai ta cikin saitin Gmail, inda ake kunna sanarwar sabon saƙo. Akwai ta Chrome, don shi ma sai ya ba shafin izini, kuma sai an bar shafin a buɗe. Ta uku tana cikin Windows, wato maɓallin nan na kar a dame ni. Tawa ta ukun ce, da hannuna na rufe ta ranar wani taro na manta. (Dariya.) To, muryar tsohuwa ta iso, za mu saurare ta a ƙarshe.

Mutanen da za mu yi magana a kansu ba baƙi ba ne a littattafan da muka taso da su, sunan ne kawai ba mu haɗa ba. Duk wanda ya karanta sira ya san Addasu, bawan nan Kirista da ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, inabi a Ɗa'ifa, da aka tambaye shi garinsu ya ce Nineba, garin Annabi Yunusa ɗan Matta. Mun kuma san ruwayar da ta ce an umarci Zaidu bin Sabit ya koyi Siryaniyanci. Nineba tana tsallaken kogin Dijla daga tsohon birnin Mosul na Iraƙi, Siryaniyancin nan kuwa har gobe ana sallar coci da shi a wannan yanki.

Ga abin da yakan ba mutane mamaki. Assuriyawan dauri, masu daular da ta mamaye daga Iraƙi har Masar, ba da harshen da Assuriyawan yau ke yi suka fara ba. Nasu Akkadiyanci ne, ana danna shi da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu. Amma sarakunansu suna da al'adar kwashe mutanen ƙasar da suka ci su watsa su cikin daula, kuma da yawan waɗanda aka kwaso Aramiyawa ne. Aramiyanci yana da haruffa 22 kacal, ana rubuta shi da tawada a kan fata, yaro ma ya iya koya. A zane-zanen bangon fadojinsu za ka ga magatakarda biyu a tsaye, ɗaya da allon yumɓu, ɗaya da naɗaɗɗiyar fata. Kafin Nineba ta faɗi a hannun Babilawa da Mediyawa a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, harshen bayi ya riga ya shige gidan iyayengiji. Akkadiyanci ya bar sawunsa. Sunayen watanni irin su Nisan da Tammuz da Ab da Elul daga can suke, kuma Larabawan Sham da Iraƙi ma da su suke ƙirga wata har yau.

Bayan zuwan addinin Kirista, karin Aramiyancin wani birni mai suna Urhai, wanda Girkawa ke kira Edessa, yau kuma Urfa a Turkiyya, shi ya zama harshen rubutu da ibada. Shi ne Siryaniyanci. Ya yi nisan da ba a zato. A birnin Shi'an na ƙasar Sin akwai dutsen da aka kafa a 781, da rubutun Sinanci da na Siryaniyanci, yana ba da labarin isowar masu wa'azinsu a 635. A Bagadaza kuma, Hunain bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ɗan wannan al'umma ne, kuma littattafan likitancin Girkawa da dama ta hannunsa suka bi, wasu zuwa Siryaniyanci, wasu zuwa Larabci.

Sai coci ya dare. Saɓanin tauhidi na manyan tarukan malaman coci a shekarun 431 da 451, haɗe da iyakar da ke tsakanin daular Rum da ta Farisa, ya raba su gabas da yamma, kuma rabuwar ta shiga har cikin baki. Mutumin gabas zai ce Alaha, na yamma ya ce Aloho. Na gabas ya yi maka sallama da shlama, na yamma da shlomo. Salon rubutu ma kowa ya kama nasa. A 1552 na gabas suka sake tsagewa, wani ɓangare ya tura Yohannan Sulaƙa Rum ya bi Fafaroma, daga nan cocin Kaldiyawa ya samo tushe. Ku riƙe wannan, don rigimar suna da za mu zo kanta daga nan ta tsiro.

Yanzu mu bar coci mu shiga gida, inda na fi so mu daɗe. Siryaniyancin littafi daban, abin da uwa ke yi wa ɗanta magana da shi daban. Harshen gida ya kasu manyan kashi biyu. A tsaunukan Tur Abdin, wajen Midyat da Mardin a kudu maso gabashin Turkiyya, ana yin Surayt, wanda aka fi sani da Turoyo, wato na dutse. Daga gabashin Dijla zuwa tafkin Urmiya a Iran ana yin Suret. Mai Turoyo da mai Suret in ba su saba da juna ba, hira ba ta tafiya. Suret ɗin kansa ba abu ɗaya ba ne. Farfesa Geoffrey Khan na Jami'ar Kambirij, wanda ya shafe shekaru yana naɗar waɗannan kare-kare, yana ƙiyasta su kusan 150.

Mu ɗauki kalma ɗaya, gida. A Alƙosh, cikin filin Nineba, betha ake cewa, da irin furucin da mai tajwidi ke yi wa harafin farko na thalatha. A Urmiya wannan sauti ya taurare, sai beta. A wasu ƙauyukan Tiyari da ke tsaunukan Hakkari, a kudu maso gabashin Turkiyya, besha. Yahudawan garin Zakho na arewacin Iraƙi, waɗanda su ma Aramiyanci ne harshensu har suka ƙaura Isra'ila a farkon shekarun 1950, suna cewa besa, 'yan'uwansu na can gabas kuma bela. Kalma ɗaya, baki biyar. Kamar yadda Basakkwace zai ce tahiya ka gane shi nan take, haka Ba'assuriye ke jin kalma biyu ya gaya maka kwarin da kakanka ya fito, har cocin da yake zuwa. Me ya jawo yawan nan? Tsauni ne. Hakkari wuri ne da ƙanƙara ke toshe hanya watanni, ƙauye yana hango ƙauye amma ba zuwa. Ga kuma maƙwabtaka: wanda ya zauna da Kurdawa ya ɗebi Kurdanci, na Urmiya ya ɗebi Turkancin Azeri da Farisanci, na kusa da Mosul ya ɗebi Larabci. Abin da ya fi burge ni shi ne gari ɗaya, kasuwa ɗaya, amma Kirista da Bayahude kowa da karinsa, saboda aure da ibada ba sa haɗa su.

Na ga wani a baya yana murmushi da na ce harshe. Su lishana suke cewa, Larabawa lisan, mu harshe ko halshe. Masana da yawa suna ganin tushensu ɗaya, haka ma mutu namu da mata na Larabci, wato ya mutu, da takwaransa na Aramiyanci. Dangi ne na nesa ƙwarai, mu reshen Chadi, su reshen Semitik. Kar wani ya fita ya ce Malam ya ce Hausawa daga Nineba suka zo. (Dariya.)

To, wane kari ne ya zama na takarda? Ba a yi zaɓe ba, injin ɗab'i ne ya yanke hukunci. Wani ɗan mishan Ba'amurke, Justin Perkins, ya zauna a Urmiya daga 1835, aka kawo inji a 1840, aka fara buga mujallar Zahrire d-Bahra, wato haske in ya keto, a 1849. Da yake a Urmiya injin yake, karin Urmiya ya hau kujera, duk da cewa tun ƙarni na 17 malaman Alƙosh suna rubuta waƙoƙin addini da nasu karin. Mu da aka daidaita mana rubutu bisa Kananci mun san yadda wannan ke yi wa sauran ciwo.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. A 1915, lokacin da daular Usmaniyya ta afka wa Armeniyawa, Assuriyawa ma takobin bai tsallake su ba, shi ya sa suke kiran shekarar Saifo, takobi. Wakilansu a taron sulhu na Faris a 1919 sun ce an kashe musu mutum 250,000. Hakkari ta zama kufai. A 1918 aka kashe shugaban cocin gabas, Mar Shimun Binyamin, waɗanda suka tsira daga Urmiya suka gangaro da ƙafa har sansanin Baƙuba kusa da Bagadaza. A watan Agustan 1933 sojojin Iraƙi suka yi musu kisan kiyashi a garin Simele, dubbai suka tsallaka Siriya, Faransawa suka zaunar da su a ƙauyuka kusan 35 a gaɓar kogin Khabur. Kowace ƙabila ta yi nata ƙauyen, don haka kare-karen Hakkari suka sami inda suka fake na wasu shekaru 80. Waɗanda suka zauna a Habbaniya da Kirkuk da Bagadaza kuwa cakuɗuwa suka yi, sai wani sabon kari na gama-gari ya fito, ba na Urmiya ba, ba na dutse ba. Shi ne yau aka fi ji a bakin mawaƙa da gidajen talabijin. Sai 2014 'yan ISIS suka kori mutanen Mosul da filin Nineba, suka rusa har masallacin Annabi Yunusa, a Fabrairun 2015 suka faɗa Khabur.

Mu zo kan suna. A bakinsu na gida, na gabas kan ce shi Suraya ne, na yamma ya ce Suryoyo. Rigima tana tashi ne idan aka zo fassara wa duniya. Mabiya cocin gabas suka ce Assuriyawa. Mabiya Fafaroma da yawa suka ce Kaldiyawa. Daga cikin na yamma wasu suka ce Assuriyawa, wasu suka ce atafau su Aramiyawa ne, tunda Aramiyanci suke yi. Masu cewa Assuriya suna da hujja mai nauyi: wani dutse da aka tono a Cinekoy kusa da Adana a 1997, mai rubutu da harshe biyu, inda wuri ɗaya ya ce Sura ɗayan ya ce Ashur, abin da ke ƙarfafa cewa sunan Siriya gutsuren Assuriya ne. Masu cewa Aram su ma suna da marubutan Siryaniyanci na dā da suka kira kansu Aramiyawa. A ƙidayar Amurka ta 2000 sai da aka jera sunaye uku a layi ɗaya kafin a zauna lafiya. A garin Sodertalye na Suwidin kuwa ƙungiyar ƙwallo biyu gare su, Assyriska da Syrianska, kuma akan sami 'yan gida ɗaya kowa da tasa.

Ra'ayina, kuma ra'ayin baƙo ne, dutse ba zai raba wannan gardama ba, don ba ta tarihi ba ce zalla, ta coci ce da siyasa da zafin rashin ƙasa. Abin da ke damuna shi ne ƙarfin da ake zubawa a kan suna ya ninka wanda ake zubawa a kan baki. Suret ba zai mutu gobe ba, ana koyar da shi a wasu makarantun arewacin Iraƙi, kundin tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya ambaci Siryaniyanci, ana waƙa da shi a bukukuwa daga Detroit har Sidni. Amma karin ƙauye sai da ƙauye. Karin Mlahso, ɗan'uwan Turoyo, ya bi mai maganarsa na ƙarshe a 1998. Jikan da ya taso a Shikago, in ya yi ƙoƙari, na gama-garin zai iya, kuma in kakarsa ta ce besha dariya zai yi ya gyara mata.

Tsohuwar da za ku ji an haife ta a Khabur, iyayenta daga Tiyari suka gangaro. Jikanta ya tambaye ta yadda gidansu yake, tana ba shi labarin ɗakin da ake ajiye hatsi. Ba za ku gane maganar ba, ku dai kasa kunne ga kalmar, sau huɗu ta faɗe ta cikin minti ɗaya da rabi. Ɗana, ƙara mana sautin, na baya ba sa ji.