Darasin Manoma: Maganin Feshi Ta Fata Yake Shiga

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraronmu na Garwa da kewaye, na Pitowa, na Gider, har zuwa Marwa da duk inda muryarmu ta kai. Barkanmu da war haka. Ga mu cikin watan Agusta, auduga ta fara fure, kowa ka gani da injin feshi a kafaɗa. Malamin gona yana tare da mu kamar kullum. Malam, barka da zuwa.

Malamin gona: Barka kadai, ɗana. Ina gaida manoma, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yau ban zo da zancen tsutsa ba, na zo da zancen mai feshin kansa. Ga kwalba nan a hannuna, fanko ce, kada ka tsorata. Masu sauraro, in akwai irinta kusa da ku, ku duba takardar da ke jikinta, ƙasa da babban sunan da kamfani ya sa. Akwai ƙananan haruffa, nan sunan gaskiya yake. In kun ga profenofos, ko chlorpyrifos, ko dimethoate, ko malathion, ko dichlorvos wanda ake rubutawa DDVP, to dangi ɗaya ne, masana na kiransu oganofosfet. A auduga mun fi haɗuwa da profenofos, sau da yawa a gauraye da cypermethrin. Shi kuwa DDVP shi ne wanda muka sani da fiya-fiya, wanda ake zubawa a 'yan kwalabe ana sayarwa a kasuwa.

Mai gabatarwa: Malam, mutane na cewa ai maganin ƙwari ne, mutum ba ƙwaro ba ne.

Malamin gona: To, bari in ba ka asalinsa ka yi hukunci da kanka. A Jamus, a shekarar 1936, wani masanin haɗa magunguna mai suna Gerhard Schrader yana neman maganin ƙwari a cikin wannan dangi, sai ya faɗa kan guba mai suna tabun. A 1938 aka samo sarin. Duka biyun makaman yaƙi suka zama. Wanda ke hannunmu bai kai su ƙarfi ba ko kusa, amma hanyar da yake bi a jiki ita ce dai tasu, domin jijiyar tsutsa da jijiyar ɗan Adam sinadari iri ɗaya suke aiki da shi.

Ga yadda abin yake. In ƙwaƙwalwa za ta aiki tsoka, ko ta ce wa baki ya kawo yawu, tana aika wani sinadari mai suna asetilkolin. Da ya isar da saƙo, akwai wani kuma, kolinestares, wanda aikinsa shi ne ya share na farkon nan take, jiki ya huta. To, mai sharar nan ne wannan maganin yake kamawa ya ɗaure. Kai da ke hawa babur, ka taɓa ganin totur ya maƙale? Inji na ta ihu, ka sake hannu amma ya ƙi sauka. To haka jiki ke yi. Yawu ya yi ta zuba, hawaye, majina, gumi kamar an watsa wa mutum ruwa, ciki ya murɗa, amai, gudawa, fitsari ya kufce. Ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, gani ya dushe. Naman jiki ya riƙa motsi da kansa, a fatar ido ko a cinya. In ya yi tsanani ƙirji ya cika da ruwa, tsokar numfashi ta gaji. Yawancin waɗanda suke rasuwa, ta numfashi suke tafiya.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. Amma wannan ai sai wanda ya sha.

Malamin gona: Nan ne kuskuren yake, kuma shi ya kawo ni yau. Manomi ba sha yake yi ba, fata ce ke sha masa. Maganin nan an narka shi cikin wani abu mai kama da kananzir, kuma fata na jan mai. In kana gumi, ga zafin rana, jan ya ƙaru. Kuma fata ba ɗaya ba ce. Ta tafin hannu tana da kauri. Ta goshi da ta kai sun fi ta sha. Wadda ta fi kowacce, ku gafarce ni iyayena, ita ce ta maraina, tana shan fiye da ninki goma na abin da fatar hannu ke sha. Yanzu ka tuna mai feshi da ya ajiye inji ya zagaya bayan bishiya ya yi fitsari bai wanke hannu ba. Ko wanda ya share gumin goshi da bayan hannu. Ko ya ciro goro daga aljihu ya ɓantara.

Kuma lokacin da ya fi haɗari ba lokacin yawo cikin gona ba ne, lokacin haɗawa ne. Abin da ke cikin kwalba tsantsa ne, ba a sirka ba. Ɗigo kaɗan nasa a hannu ya fi abin da zai taɓa ka a dogon feshi. Amma me muke gani? Mutum ya buɗe murfi da haƙori, ya auna da murfin, ya zubo masa a yatsu, ya goge a wando, ya motsa da hannu. Wandon nan kuwa da shi zai wuni.

Na taɓa zuwa wata gona wajen Lagdo, na tarar da wani saurayi mai feshin ƙwadago zaune gindin bishiya, ya riƙe kai. Famfon goyo yake amfani da shi, murfin yana yoyo, tun safe maganin ke bin bayansa, riga ta jiƙe sharkaf. Ya ce mini rana ce ta buge shi. Na ɗaga fatar idonsa, na ga ƙwayar ta tsuke, ga yawu yana tofarwa ba ƙaƙƙautawa. Wanda rana ta buga bakinsa bushewa yake yi, ba ya dalala. Muka tuɓe masa riga, muka wanke shi da sabulu, muka ɗora shi a babur. Allah ya sa da sauran kwana.

Mai gabatarwa: To Malam, a wannan zafi namu, wa zai iya sa rigar leda ya shiga gona?

Malamin gona: Gaskiyarka, kuma ni ba na gaya wa manomi abin da na san ba zai yi ba. Wanda ya samu cikakkun kayan kariya ta hannun ƙungiyarsu ta manoman auduga, ya sa. Wanda bai samu ba, ya ware riga mai dogon hannu da dogon wando na yadi mai kauri, su zama na feshi kaɗai. Hula mai faɗi. Takalmin roba dogo, a saki ƙafar wando a kansa, kada a cusa ciki, in ba haka ba maganin zai gangara ya taru a ƙafa. Safar hannu ta roba mai kauri, ko da lokacin haɗawa ne kawai. Safar yadi kuwa gara babu ita, domin jiƙewa take yi ta riƙe gubar a kan fata. Haka fata ta dabba, takalmi ko ɗamara ko laya, in ta sha magani ba ta wankuwa. A cire a bar su a gida. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana rage ɗigo, amma ba ya tare tururin maganin, kuma da ya jiƙe ya zama abokin gaba, sai a canja.

Sai iska. Mu nan ƙasar SODECOTON, wato kamfanin auduga na Kamaru, mun saba da injin nan mai batir, mai faifai a kai yana juyawa, wanda lita 10 ke isar hekta guda. Ruwa kaɗan ke nan, ma'ana maganin ya fi kauri, kuma ɗigonsa ƙanana ne, iska ce ke kai shi kan ganye. Saboda haka kafin ka fara, ɗebi ƙura ka watsa ka ga inda ta nufa. Ka fara daga gefen gonar da iska ke fita, ka riƙe kan injin ta ɓangaren da iska za ta ɗauke feshin daga jikinka, kana ratsa iskar a gicciye. Kowane layi ka gama, ka matsa wajen da iskar ke fitowa, ta haka ba za ka bi ta cikin ganyen da ka jiƙa ba. Iska ta juya, ka tsaya. Tsakar rana kuma a bar ta, a yi da safe bayan raɓa ta bushe ko da la'asar. Bakin inji ya toshe, ka sa tsinken ciyawa da ruwa. Kada ka busa da baki, don Allah. Na ga dattawa masu furfura suna yi.

An gama, wanka da sabulu kafin komai. Kafin abinci, kafin taba, kafin ma alwala, tunda hannun nan ne zai kai ruwa baki da hanci da fuska. Kayan feshi a wanke su daban, ba cikin na yara ba, kuma uwargida in ita za ta wanke a gaya mata abin da ke jiki. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ba su da aiki a wajen feshi, ko miƙo ruwa ne.

Mai gabatarwa: Akwai saƙo da ya shigo daga wani mai sauraro, yana cewa shi kullum in ya gama feshi yakan sha nono ko madara, ba ya jin komai.

Malamin gona: Allah ya ƙara masa lafiya, nono abinci ne mai kyau, amma ba ya kwance abin da maganin ya ɗaure. Manja ma haka, tsamiya ma haka. Kuma rashin jin komai ba shaida ba ce. Mai sharar nan da na faɗa, in an ɗaure wani kaso nasa, jiki na ɗaukar kwanaki har makonni kafin ya mayar. A tsarin auduga ana fara feshi wajen kwana 45 bayan tsiro, ana maimaitawa duk kwana 14. Mai gona ɗaya yana samun ɗan hutu a tsakani. Amma mai feshin ƙwadago, yau gonar wane, gobe ta wane, kullum ana rage masa, har ranar da ɗan kaɗan zai kayar da shi. Ciwon kai da jiri da kasala bayan feshi, wanda muke cewa gajiya ce, sau da yawa gargaɗi ne. Wanda ya ji haka ya ajiye inji ya je a duba shi.

In kuwa mutum ya faɗi, ku fitar da shi daga gonar, ku tuɓe kayan, ku wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu har gashi da ƙarƙashin farce, mai wankin ya sa safa ko leda a hannu. Ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. In sha ya yi, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa komai, domin man da ke cikin maganin in ya koma huhu wata masifar ce. A kwantar da shi a gefe ɗaya don yawu da amai su fita, a nufi asibiti, a tafi da kwalbar ko takardarta. Likita na ganin sunan zai san allurar atrofin ce ake bukata, ana yi ana ƙarawa har ƙirji ya bushe, wani lokaci a haɗa da wata mai suna pralidoxime. Kuma in ya farfaɗo kada 'yan uwa su matsa a sallame shi. Akwai raunin da ke dawowa bayan kwana 1 zuwa 4, wuya ta kasa ɗaukar kai, numfashi ya sake yin nauyi. Gara hakan ta same shi a gadon asibiti.

Mai gabatarwa: Lokaci na ƙurewa, Malam. Kwalaben fa?

Malamin gona: A ɗauraye sau uku, ruwan ɗaurayar a juye cikin inji a fesa a gona, sannan a huda gindin kwalbar don kada wani ya zuba mai ko nono. Ba a wanke inji a bakin rijiya ko a Binuwai, kifi ba ya jure shi. Wanda ya rage a bar shi cikin kwalbarsa, a kulle nesa da rumbu, kada a juye a kwalbar lemo inda yaro zai gani. Ku riƙa duba zanen launi a ƙasan takarda: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda ba shi da takarda sam, ku bar wa mai shi kayansa.

Fiya-fiya kuwa yana cikin masu ja, kuma ba a yi shi don wake ko busasshen kifi ba. Wake yana da hanyarsa, buhu mai ruɓi uku wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba magani, kuma a nan Marwa masu binciken gona suka fara gwada dabarar tare da wata jami'a ta Amurka. Mako mai zuwa zan zo da buhun in nuna maka yadda ake ɗaure bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Mai gabatarwa: Allah ya kai mu. Mun gode, Malam. Masu sauraro, sai mako mai zuwa war haka, a huta lafiya.