Ƙara iyakar buɗaɗɗun fayiloli ga RabbitMQ a kan Kubernetes

Assalamu alaikum, jama'a. Idan RabbitMQ ɗinku, wato dillalin da ke isar da saƙonni tsakanin manhajoji, ya daina karɓar sabbin haɗi alhali ma'ajiya da sauran fili, injin ma bai ko yi gumi ba, sai kuka leƙa rajistar kurakurai kuka ga "too many open files" ko kalmar emfile, to wannan bidiyon naku ne.

A Linux kusan komai fayil ne. Duk manhajar da ta haɗu da dillalin saƙonninku ta hanyar sadarwa, sai tsarin ya ba wannan haɗin lamba, daidai da yadda yake ba fayil ɗin da aka buɗe a faifai. Layukan saƙo da ke ajiye bayanansu a faifai su ma suna cin nasu lambobin. Ku tuna wurin ajiyar babura a bakin kasuwa: mai gadi yana da katuna a aljihu, kowane babur kati ɗaya. Ranar da katunan suka ƙare, ko filin rabi ne a cike, ba mai shiga. A yawancin injinan Linux, katunan da ake ba kowane shiri tun farko 1024 ne kacal.

Iyakar kuma iri biyu ce. Akwai mai sassauci, ita ce ke aiki a yanzu, kuma shiri zai iya ɗaga ta da kansa. Akwai mai tsauri, wadda ita ce rufin. Mai sassauci ba ta wuce ta, kuma ɗaga rufin sai mai ikon shugaban inji. Tun fitowar siga ta 240 ta systemd, wato mai tayar da shirye-shirye a Linux, a 2018, mai tsaurin ta zama 524288, amma mai sassaucin tana nan a 1024.

Masu RabbitMQ sun ba da shawarar aƙalla 65536 a wurin aiki na gaske. Lissafin da suke bayarwa ma ba wuya: ku ɗauki yawan haɗin da kuke samu a lokacin cunkoso, ku ninka biyu, ku ƙara yawan layukan saƙo. 

Inda mutane suka fi ɓata dare shi ne nan. Mutum zai shiga injin, ya gyara limits.conf da ke cikin /etc/security, ya buga ulimit -n, ya ga 65536, ya je ya kwanta. Da safe matsalar tana nan daram. Wancan fayil ɗin masu shiga da sunan mai amfani yake shafa, ba shirye-shiryen da systemd ke tayarwa ba, balle kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin da shiri ke gudu a ciki. Lambar da ya gani ta tagar da yake bugawa ce, ba ta RabbitMQ ba.

Saboda haka a tambayi mai abu. Ku shiga kwantenar da kubectl exec, ku nemo lambar shirin beam.smp, wato injin Erlang da RabbitMQ ke gudu a kansa, ku karanta fayil ɗin limits da ke ƙarƙashin /proc da wannan lambar. Ga shi a allo: layin Max open files, lamba ta farko mai sassauci, ta biyu mai tsauri. Ku ƙirga abin da ke cikin fd, jakar lambobin fayil da ke can wuri ɗaya da limits, shi ne abin da aka cinye.

A ina ake gyarawa? A Docker akwai zaɓin ulimit, amma a Kubernetes, tsarin da ke jagorantar kwantenoni, bayanin pod, wato ƙunshin da kwantenar ke ciki, ba shi da gurbin rubuta wannan. Kwantena gadon iyakar take ci daga containerd, shirin da ke tayar da kwantenoni a kan injin. A da containerd na zuwa da LimitNOFILE=infinity, wato babu iyaka, sai aka cire wannan layin a sigar 2.0, shi ya sa wasu suka sabunta injinansu kawai suka wayi gari da 1024.

Hanya biyu gare ku. Idan mai tsaurin tana da yawa, ku sa umarnin tayar da kwantenar ya fara da ulimit -n 65536 kafin ya kira RabbitMQ. Ba ya buƙatar wani iko na musamman. Idan rufin ne ya yi ƙasa, sai a sauka kan injin: a ƙirƙiri ƙaramin fayil a cikin containerd.service.d ƙarƙashin /etc/systemd/system, a rubuta LimitNOFILE da lambar da ake so, a yi systemctl daemon-reload, a sake tayar da containerd. Amma kada ku yi wannan da hannu ku tafi. A girgije, wato wurin hayar injina ta intanet, injina zuwa suke suna tafiya. Sabon da zai taso gobe bai san kun gyara na jiya ba. Ku saka gyaran a hoton injin, wato kwafin da ake ƙera sabbin injina da shi, ko a rubutun da yake gudanarwa ranar haihuwarsa.

Ni dai ba na son infinity. A wasu injinan yana fassaruwa zuwa sama da biliyan 1, Erlang kuma yana ware ƙwaƙwalwa gwargwadon wannan lambar, sai ka ga dillalin da bai karɓi saƙo ko ɗaya ba ya lashe ƙwaƙwalwa har an kashe shi. Idan kun tarar da haka, ku ƙayyade ERL_MAX_PORTS, ko ku sa lamba tsayayya.

Kwantenar da ke gudu ba ta ɗaukar sabuwar iyaka sai an sake ta. Ku sake pod ɗin ɗaya bayan ɗaya, ku jira kowane ya dawo cikin rukuni, domin layukan quorum, masu ajiye kwafi a pod da dama, sai da rinjaye suke aiki. Cikin pod 3, ɗaya kawai za ku iya rasawa a lokaci guda.

Bayan nan ku sa ido kan ƙirgar fd. Idan tana hawa ba ta sauka ko da tsakar dare, akwai manhajar da ke buɗe sabon haɗi ga kowane saƙo ba ta rufewa. Ku duba shafin gudanarwa na RabbitMQ, sashen haɗe-haɗe, ku ga adireshin da ya fi yawa, ku ce wa masu ita su riƙe haɗi ɗaya su riƙa buɗe tashoshi a cikinsa, don tasha ba ta cin lambar fayil.