Yadda Ake Yanka Ƙaramar Hukuma a Najeriya, da Wanda Ke Riƙe da Ita

Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya: 768 a jihohi 36, shida a Abuja. Kano ce ke kan gaba da 44, Katsina na biye da 34, Bayelsa kuwa 8 kacal. Legas, duk da cikar jama'arta, 20 gare ta. Wannan rabo aikin gwamnatocin soja ne. Garambawul ɗin 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka yi ta ƙari har adadin ya tsaya a 774 a 1996, zamanin Abacha.

Kowace ƙaramar hukuma an kasa ta mazaɓu, akasari goma zuwa ashirin, kowace mazaɓa da kansilanta. Ciyaman ne ke zartarwa, kansiloli su amince da kasafin kuɗi, su yi dokokin cikin gida. A sakatariya akwai ma'aji da daraktocin ma'aikata, ayyuka, gona da lafiya. Kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, kwashe shara da maƙabarta duk suna wuyansu. Hakimi da dagaci kuwa layin masarauta ne, ba su cikin wannan jerin.

To, me ya sa ba a ƙara ko ɗaya ba tun 1996? Sashe na 8 na kundin tsarin mulki na 1999 ya tsaurara hanyar. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun nema, a yi ƙuri'ar raba gardama, majalisar jiha ta amince, sannan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin kundin. A nan ake maƙalewa. Legas ta ƙirƙiro 37 a 2003, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, har yau kuma waɗannan 37 ɗin yankunan raya ƙasa ne kawai.

Rigimar duk a kan kuɗi take. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, amma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, inda gwamna ke yanke abin da ya ga dama. Zaɓen ma hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa, shi ya sa jam'iyyar gwamna kan lashe kusan kowace kujera, in ma ba kantomomi aka naɗa ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye ga zaɓaɓɓun shugabanni, ta kuma haramta kwamitocin riƙo. Hukumomin zaɓen jihohi dai suna nan daram, don sai an gyara kundin tsarin mulki kafin a taɓa su.