Me Ya Sa Likita Ba Ya Saurin Taɓa Dabbar Da Aka Ceto?

Ku dubi wannan akun da aka shigo da shi asibitin dabbobi cikin kwali. Gashinsa duk ya tashi, idonsa a lumshe, ya lafe a kusurwa. Daga hannun masu fasa-ƙwauri aka ƙwato shi, domin tun 2016 ƙasashen da ke cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, suka amince a hana cinikin irin wannan aku mai ruwan toka tsakanin ƙasashe, muddin daga daji aka kamo shi. Za ku zaci likita zai ɗauke shi nan take ya hau dubawa. Ina! Akwati mai ɗumi ya sa shi, ya rage haske, ya ce kowa ya yi shiru.

Tsoro kaɗai yana kashe irin waɗannan halittu. Kare da kyanwa sun saba da mutum, amma a wurin naman daji duk hannun da ya riƙe shi na mafarauci ne. Barewa in aka sha kokawa da ita wajen kamu, tsokar jikinta kan lalace, ƙodarta ta gaza, ta mutu bayan 'yan kwanaki alhali ko ƙwarzane babu a jikinta.

Tsuntsu kuma gwanin ɓoye ciwo ne, don a daji wanda ya nuna kasala shi ake fara ci. Kafin ku gane ba shi da lafiya, abin ya riga ya yi nisa. Shi ya sa ake ɗora shi a sikeli kullum: ɗan tsuntsu mai nauyin giram 35 in ya zubar da giram 4, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na jikinsa. Ku lura da yadda wata ma'aikaciyar asibitin ta riƙe akun nan. Ta naɗe shi da tawul, kansa tsakanin yatsunta biyu, ƙirjin kuwa ta bar shi a sake. Da ɗagawar ƙirjin nan yake jan iska. In aka matse, sai ya shaƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da tausayi ke jawowa. Mutum ya tsinci tsuntsu a galabaice, sai ya buɗe masa baki ya ɗura ruwa, ruwan ya bi hanyar numfashi. A asibiti ɗumi ake fara ba shi, sannan ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, abinci sai daga baya, kaɗan-kaɗan.

Kowace dabba kuma da nata tsarin. Kunkuru ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa. In ya yi sanyi, abinci ba ya narkewa, magani ma ba ya aiki yadda ya kamata. In bai samu hasken rana kai tsaye ko fitila ta musamman ba, ƙoƙon bayansa kan yi laushi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga bai wadatar ba. Zomo ba ya amai, ba a kuma barinsa da yunwa kafin tiyata kamar kare. Maganin da ya warkar da wata dabba kan zama ajalin wata: diclofenac, maganin rage raɗaɗi da aka riƙa yi wa shanu a Indiya, ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar da ke cin mushensu, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Sabon shigowa ana killace shi, galibi kwana 30 ko fiye, saboda cututtukan da yake iya sa wa sauran dabbobi da ma'aikata.

Idan ana son mayar da ɗan tsuntsu daji, ba a wasa da shi, ba a yi masa magana, wani lokaci har fuska ake rufewa wajen ciyar da shi, kada ya taso yana ganin mutum ne uwarsa. Ku kuwa in kun tsinci mai rauni, ku sa shi a kwali mai ƙofofin iska, ku rufe, ku kai shi wurin likita ba tare da ba shi komai ba.