Ɗakin Sama Ko Na Ƙasa? Inda Ake Tafka Kuskure A Jirgin Ruwan Shaƙatawa

[Hoto: faranti na zamewa daga tebur, fasinjoji na dafa bango]

Kun ga irin wannan bidiyon na ta yawo a waya. Teku ta harzuƙa, faranti na zamewa, kowa na neman abin dafawa. Nan take wasu suka yanke hukunci, wai ai da mutum ya zuba kuɗi ya kama ɗakin can ƙololuwa, da ko gezau ba zai ji ba. To jama'a, ba haka abin yake ba. Na can sama shi ya fi kowa jin jiki.

Bari mu gama da nau'in ɗakunan a gurguje. Huɗu ne. Akwai na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya, shi ne mafi arha. Akwai mai taga, amma tagar ba ta buɗuwa. Akwai mai baranda, inda za ka fita ka sha iska. Sai na manya, mai falo da ma'aikacin da ke yi maka hidima. Ga su nan kuna gani. Wannan zaɓin aljihunka ne zai yi maka shi, ba sai na tsoma baki ba. Abu ɗaya kawai: kuɗin da ake rubutawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin. In kai kaɗai ne, sau da yawa kusan ninki za ka biya.

Inda ake rikicewa shi ne wurin da ɗakin yake a jikin jirgin.

[Hoto: Icon of the Seas daga sama]

Wannan shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean. An ƙera shi a Finlan, ya fara jigilar fasinja daga Miyami a Janairun 2024. Tsawonsa kusan mita 365, hawa 20. A jirgi irin wannan, mutum biyu za su biya kuɗi ɗaya, ɗaki iri ɗaya, gado iri ɗaya, ɗaya ya yi barcinsa har da munshari, ɗayan ya kwana rungume da bokiti.

Ku ɗauki biro. Ku riƙe shi a kwance, daidai tsakiya, da yatsu biyu. Yanzu ku ɗaga bakinsa sama, ku saukar. Ina ya fi motsi? Baki da gindi. Inda yatsunku suke kuwa kusan tsaye yake. Haka jirgi yake yi in yana sara igiyar ruwa: goshinsa ya ɗaga, ya faɗo, ya sake ɗagawa. Na gaba ya fi kowa shan wahala, sai na baya. Na tsakiya na zaune abinsa.

Yanzu ku tsayar da biron, ku riƙe ƙasansa, ku karkata shi dama da hagu. Ƙasan ɗan motsi kaɗan yake yi, saman kuwa sai lilo. Wannan shi ne rangajin jirgi. Duk hawa ɗaya da ka ƙara, ka ƙara nisa daga inda jirgin ke juyawa, nisan lilonka ya ƙaru. Ke nan wuri mafi natsuwa shi ne tsakiya, a ƙasa-ƙasa. Mafi tangal-tangal kuma shi ne sama, a gaba. Abin dariyar, a jirage da yawa can ne aka jera ɗakunan manya, saboda kyan kallo.

Wani zai ce ai jiragen zamani suna da abin hana tangaɗi. Gaskiya ne, ga su nan, wasu fikafikai ne da ke fitowa daga gefen jirgi a ƙarƙashin ruwa. Amma rangajin dama da hagu suke ragewa. Ɗagawa da faɗuwar goshi ba su da wani ƙarfi a kansa. A Nuwamban 2023 guguwa ta ritsa da jirgin Spirit of Discovery a Tekun Biskay, yammacin Faransa, mutum kusan 100 suka ji rauni. Jirgin zamani ne, bai daɗe da fara aiki ba.

Shi kansa jirin da ke kama fasinja daga ina yake? Can cikin kunnenka akwai abin da ke auna motsi. Shi yana cewa ana tafiya, ido kuma yana kallon bango yana cewa a tsaye muke. Ƙwaƙwalwa ta rasa na gaskatawa, sai tashin zuciya. Shi ya sa kallon inda sama ta haɗu da ruwa yake taimakawa. Ni dai in an tambaye ni, mai saurin jiri ya nemi ɗaki mai taga a tsakiya, ko da a hawa na ƙasa ne. Ya fi masa babban falo a goshin jirgi.

[Hoto: taswirar hawa-hawa]

Kafin ka biya, buɗe taswirar jirgin. Kowane kamfani na da ita a shafinsa. Nemo lambar ɗakinka, sannan ka duba hawan da ke samanka da wanda ke ƙasanka. In wurin ninkaya ne a kanka, tun da sassafe ma'aikata za su fara jan kujeru. In gidan rawa ne a ƙasanka, ganga har tsakar dare. Inda ka ga fili babu rubutu, galibi wurin aikin ma'aikata ne. A ƙasa ta gaba akwai ƙarar sarƙar anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa don ya riƙe jirgi, da injin da ke matsar da jirgi gefe in za a tsaya a tasha. Abin nema shi ne ɗaki a sama, ɗaki a ƙasa, kai a tsakani. Ka kuma duba alamar kwale-kwalen ceto, kada ka biya kuɗin taga ka ƙare da kallon gindin kwale-kwale.

In kana ƙirga hawa a jiragen kamfanin MSC, mai asali da Italiya, ka ga babu 17, ba idonka ba ne. Italiyawa na camfa lambar.

Masu shirin hawa Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda zuwa Bahar Maliya a Disamban 2024, ko wani jirgin daban, ku lura: ɗakin ciki duhu ne ƙirin dare da rana. Ka saita agogo, in ba haka ba asuba za ta wuce ka har hantsi. Alƙibla kuma sai ka riƙa dubawa, don jirgi juyawa yake yi.

Akwai kuma tikiti mai rahusa wanda kai nau'in ɗaki kawai za ka zaɓa, kamfani ya ba ka lamba daga baya. Mai ƙarfin ciki da nauyin barci, bismillah, ya rage kuɗi. Mai jiri kada ya kusance shi, don abin da kowa ya bari shi ake rabawa. Haka in sun ce za su ɗaga ka zuwa ɗaki mafi tsada kyauta, kafin ka yi godiya ka tambayi lambar ɗakin, ka koma kan taswira.